BILICIN: AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Babu jaririn da aka taɓa haifa yana ƙyamar launin fatarsa. Yarinya 'yar shekara 2 za ta tsaya gaban madubi ta yi ta tsalle da dariya saboda abin da ta gani, ko baƙa ce ƙirin, ko wankan tarwaɗa, ko fara tas, ba ruwanta. To idan aka wayi gari wannan yarinyar ta kai shekara 17 tana matse kuɗin tara da na kwalliya, tana adashe, domin ta sayi guba a kwalba ta kankare fatar da Allah ya halicce ta da ita, dole ne mai hankali ya tsaya ya yi tambaya. Me ya faru tsakanin shekara 2 da shekara 17? Wa ya gaya mata cewa akwai aibu a jikinta? Kuma sau nawa aka nanata mata har ta gaskata?

Wannan tambaya ita ce aka daɗe ana kauce mata. An yi wa'azi a kan masu shafa man bilicin, an yi musu ba'a a majalisu da tashoshin mota, an kira su masu kala biyu, an tsine musu a rediyo, an ce ba su gode wa Allah ba. Duk da haka sai kasuwar man take ƙara bunƙasa, har ta tsallaka daga 'yanmata zuwa matan aure, daga matan aure zuwa samari, daga nan kuma ta faɗa kan yara ƙanana waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. Dalili kuwa shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Ana zagin wadda ta duba madubi ta ga kanta a wulaƙance, an ƙyale wanda ya riƙe mata madubin.

YADDA MUTUM KE SANIN KANSA

Ɗan Adam ba ya iya ganin fuskarsa sai da madubi, haka nan ba ya sanin darajarsa sai ta abin da yake karantawa a idanun mutanen da ke kewaye da shi. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke mai suna Charles Cooley ya yi bayanin wannan tun a 1902, inda ya kasa al'amarin gida uku. Da farko mutum yana ƙiyasta yadda yake bayyana ga jama'a, sannan ya ƙiyasta hukuncin da suka yanke a kansa, daga nan sai ya ji alfahari ko ya ji kunya gwargwadon wannan hukuncin. A 1954 kuma wani masanin halayyar ɗan Adam, Leon Festinger, ya ƙara da cewa duk inda mutum ya rasa tsayayyen ma'auni da zai auna kansa da shi, to da sauran mutane zai riƙa gwada kansa. Wato ke nan wanda duk ya mallaki madubin, ya kuma mallaki ma'aunin, shi ne ya mallaki mutumin, ko da kuwa bai ɗaura masa sarƙa ba.

An gwada wannan magana a aikace. A shekarun 1940 wasu masana biyu baƙaƙen fata a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie Clark, sun tara yara baƙaƙe 253 masu shekara 3 zuwa 7, suka ajiye musu 'yan tsana waɗanda ba su da bambanci da juna sai na launi. Da aka ce kowa ya ɗauki wadda yake so ya yi wasa da ita, kusan kashi biyu cikin uku fara suka ɗauka. Da aka ce su nuna mummunar, fiye da rabinsu baƙar suka nuna. Sannan aka yi musu tambayar ƙarshe, aka ce kowa ya nuna wadda ta yi kama da shi. A nan ne wasu yaran suka fashe da kuka, wasu suka fice daga ɗakin da gudu. Wannan bincike yana cikin hujjojin da Kotun Ƙolin Amurka ta ambata a 1954 lokacin da ta haramta raba makarantun farare da na baƙaƙe.

Mai karatu ya lura da kyau. Waɗannan yara ba su karanta littafin kowa ba, ba su san siyasa ba, wasunsu ko makaranta ba su shiga ba. Amma sun riga sun haddace hukuncin da al'ummarsu ta yanke musu, sun kuma zartar da shi a kan kawunansu. To ashe yarinyar da ke tsaye gaban mai haɗa man shafawa a kasuwa ba mahaukaciya ba ce. Ta karanta al'ummarta ne daidai, ta gano abin da ake saye da tsada da abin da ake yi wa tayin wulaƙanci, ta ɗauki mataki. Kuskurenta shi ne ta yarda da hukuncin. Laifin yanke hukuncin kuwa yana wuyan wasu.

TUSHEN CUTAR

Wannan cuta tana da tarihi, kuma ba a faɗinsa rabi a bar rabi. Fifita farar fata ya girmi zuwan Turawa, domin fataucin bayi ta Sahara ya daɗe da haɗa baƙar fata da ƙasƙanci a zukatan mutane da yawa, har aka ƙirƙiro tatsuniyar cewa baƙaƙe zuriyar wani la'ananne ne daga 'ya'yan Annabi Nuhu (AS). Malaman kirki ba su yi shiru ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ƙaryata wannan tatsuniya, ya danganta bambancin launi ga yanayin ƙasa da zafin rana. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, a fatawar da ya rubuta wajen 1615 yana amsa wa wasu fatake na Tuwat, ya bayyana ƙarara cewa launin fata ba ya halatta bautar da mutum, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno cikin Musulmi 'yantattu waɗanda babu mai haƙƙin mallakar su. Da babu masu auna mutum da launinsa a wancan zamani, da bai buƙaci rubuta wannan ba.

Abin da mulkin mallaka ya yi shi ne ya tarar da miki ya zuba masa gishiri, ya mayar da son zuciya ya zama tsari, da doka, da makaranta, da ciniki. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin sabulun Pears na Ingila ya yi ta buga talla mai hoton yaro baƙi da aka wanke a baho ya fito fari, don a cusa wa duniya cewa baƙi dauɗa ne, fari kuwa tsabta da wayewa. A Afirka ta Kudu gwamnatin wariyar launin fata ta kafa doka a 1950 wadda ta kasa mutane bisa launi, ya zamana unguwar da mutum zai zauna, da makarantar ɗansa, da aikin da zai samu, da wadda zai aura, duk sun rataya ga rukunin da aka jefa shi. Har fensir ake soka wa mutum a gashi, in ya maƙale a ce baƙi ne. A irin wannan ƙasa ɗan ƙarin haske yana iya zama ƙarin albashi, don haka ba abin mamaki ba ne da kasuwar man bilicin ta yi ƙarfi a can, kuma likitocin can ne a 1975 suka ba da rahoton mummunar tabon da yake bari a fuska.

Shi dai Ibn Khaldun ɗin ya yi wata magana a Muƙaddimarsa wadda ta dace da wannan wuri, cewa wanda aka ci da yaƙi kullum yana kwaɗayin kwaikwayon wanda ya ci shi, a sutura da ɗabi'a da komai, domin zuciyarsa tana raya masa cewa kamala tana wurin wanda ya rinjaye shi. Malcolm X ya ba da labarin yadda yana saurayi ya zauna aka shafa masa haɗin soda a ka, fatar kansa tana ƙuna kamar wuta, don kawai gashinsa ya kwanta irin na Bature, daga baya kuma ya ƙidaya wannan a matsayin babban matakinsa na farko na wulaƙanta kansa. An sauke tutar Ingila a Nijeriya a 1960, an sauke ta Faransa a Nijar a wannan shekarar, amma madubin da suka kafa bai bi su ba. 'Yan ƙasa ne suka karɓe shi suna goge shi kullum.

MASU CIN RIBAR ƘASƘANCI

Duk inda aka ga mutane suna ƙyamar kansu, a bincika, akwai mai cin riba. A 1975 reshen kamfanin Unilever na Indiya ya fito da man Fair & Lovely, aka shafe shekaru ana talla iri ɗaya: yarinya baƙa ta rasa miji ko ta rasa aiki, ta shafa mai, ta yi haske, sai ga miji ga aiki. Shekara 45 ana wannan aika-aika, sai a 2020, da zanga-zangar ƙin wariyar launin fata ta girgiza Amurka da Turai bayan kisan George Floyd, kamfanin ya sauya sunan zuwa Glow & Lovely. An sauya suna, ciniki kuwa ya ci gaba. Wannan shi ne tuban muzuru.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a wani bayani da ta fitar a 2011, ta kawo alƙaluman da ke cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata, a Togo kashi 59, a Afirka ta Kudu kashi 35, a Senegal kashi 27, a Mali kashi 25. Akwai masu jayayya da adadin Nijeriya, suna cewa ya samo asali ne daga binciken da aka yi a kan wani rukunin mutane a birni, wanda ba zai wakilci ƙasa baki ɗaya ba. To a yarda da su, a raba adadin biyu, a sake raba shi biyu. Abin da ya rage har yanzu miliyoyin mata ne. Kuma duk wanda ya shiga ɓangaren kayan shafa a manyan kasuwanni, ko ya halarci biki ya ga fuska fara da gaɓoɓin yatsu baƙaƙe, ba ya buƙatar wata hukuma ta ƙidaya masa.

Me ke cikin kwalbar? Launin fata yana zuwa ne daga wani sinadari da ake kira melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta a fata suke sarrafawa. Baƙi da fari kusan adadin ƙwayoyin nan ɗaya gare su, bambancin kawai shi ne yawa da irin melanin da suke fitarwa. Aikinsa kuwa shi ne tare hasken rana mai cutarwa, wato garkuwa ce Allah ya yi wa mazauna ƙasashe masu zafi, shi ya sa bayin Allah zabiya, waɗanda aka jarrabe su da rashinsa, suke fama da ciwon dajin fata a wannan nahiya. Wannan garkuwar ce ake biyan kuɗi a rushe.

Abu uku aka fi zubawa a man. Na farko haidirokwinon, wanda ke hana fata sarrafa melanin, idan aka daɗe ana shafa shi kuma sai ya juya ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, tabon da ke da wuyar magani ƙwarai. Na biyu magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda aka yi su don likita ya rubuta wa mai ciwon fata na ɗan lokaci. Idan aka mayar da su man shafawa na kullum sai fata ta yi siriri har a riƙa hango jijiyoyi, nankarwa ta fito, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa, ɗinki ya ƙi kamawa bayan tiyata, kuma maganin yana ratsawa cikin jini ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Na uku shi ne zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, tana bin ruwan nono, tana kuma maƙalewa a tawul da zanin gado ta shafi miji da 'ya'yan da ba su taɓa buɗe kwalbar ba. Zaibar nan ita ce ta halaka mutanen garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, har aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan taƙaita amfani da ita sunan garin. Abin da duniya ta haɗu ta ce a nisanta shi daga kogi da kifi, shi ne 'yar Musulmi take murzawa a fuskarta safe da dare. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Ba a tsaya nan ba. An koma ga ƙwayoyi da allurai na gulutatayon, har ta kai hukumar kula da magunguna ta Gana a 2018 ta fito tana gargaɗin mata masu juna biyu da ke haɗiyar ƙwayoyi da fatan za su haifi farin jariri. Yaro bai zo duniya ba, an riga an yanke masa hukunci cewa launinsa bai yi ba.

SU WA SUKA RIƘE MADUBIN?

Kamfanonin waje suna da nasu kason, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Madubi na farko a cikin gida yake. Ranar suna, mata za su karɓi jaririya su duba kunnenta su ce wannan za ta rine, cikin murya irin ta jaje. A tsakar gida za a riƙa kiran wata 'yar fara ana ɗaukarta ana yi mata wasa, 'yar uwarta kuwa a ce mata baƙa kamar bayan tukunya, a yi dariya a wuce, a ɗauka wasa ne. Ita ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta ajiye shi a zuciya, kuma wata rana za ta kai shi wurin mai haɗa mai.

Madubi na biyu shi ne mazaje. Mutumin da zai zauna a majalisa ya yi ta Allah-wadai da masu bilicin, shi ne wanda idan ya tashi neman aure ko ƙari zai aika a nemo masa fara, yana kirarin farar mace alkyabbar mata, farar mace lantarkin gida, har da cewa fara ko mayya ce. Yarinya tana ji, tana kuma gani da idonta wadda aka yi layi a ƙofar gidansu da wadda ta shekara babu mai sallama. Matar aure tana ganin inda idon maigidanta yake karkata, tana jin barazanar kishiya, sai ta ruga ta sayi abin da take zaton zai tsare mata ɗakinta. Wanda ya kafa farashi ba shi da bakin zagin wanda ya kawo haja.

Madubi na uku dangin miji ne da masu gyaran amare. A da gyaran amarya lalle ne da dilka da turare. Yanzu a wurare da yawa an mayar da shi makonni na murza yarinya da haɗe-haɗen da ba wanda ya san abin da ke ciki, don kada 'yan ganin amarya su taɓe baki, har ango ya ɗaga mayafi ya ga wadda ba ita ya nema ba. Abin takaici, sau da yawa uwa ce ke biyan kuɗin.

Madubi na huɗu shi ne allon kallo. A duba finafinai da tallace-tallace da hotunan da ke jikin kwalayen kaya, a ƙidaya sau nawa baƙar mace ta fito a matsayin wadda ake so, sau nawa kuma ta fito a 'yar aiki ko muguwar kishiya. Sai kuma wayar hannu ta zo ta shigar da madubin har cikin ɗakin kwana. A da yarinya da 'yanmatan unguwarsu take gwada kanta. Yanzu da dubban hotuna take gwadawa, hotunan da na'ura ta wanke ta goge ta ƙara musu haske, waɗanda ko masu su ba haka suke ba. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fallasa takardun cikin gida na kamfanin, waɗanda suka nuna cewa binciken kamfanin da kansa ya gano kashi 32 cikin 100 na 'yanmatan da aka tambaya sun ce idan suna jin ƙyamar jikinsu, Instagram yana ƙara musu. Sun sani, suka yi shiru, saboda a nan kuɗin yake.

DOKA KAƊAI BA TA ISA BA

Gwamnatoci sun gwada hani. Afirka ta Kudu ta haramta haidirokwinon a kayan kwalliya a 1990, Kodebuwa ta kafa tata dokar a 2015, Gana ta bi a 2016, Ruwanda ta shiga kwashe kayan daga kantuna a 2018. A Nijeriya hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Duk wannan ya dace, kuma wajibi ne a kama masu shigo da guba da masu haɗa ta a bayan shago, a hukunta su kamar yadda ake hukunta mai sayar da jabun magani. Amma a ƙasashen da aka yi hanin, kayan sun koma ƙarƙashin tebur ne, suka ƙara tsada, suka ƙara haɗari. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Muddin al'umma tana biyan farar fata da aure da aiki da girmamawa, to za a samu mai sayarwa ko da a rami ne.

Akwai kuma masu cewa ai jikinta ne, zaɓinta ne, kwalliya ce kamar jan baki da lalle. Wannan magana ce ta yaudara. Lalle ado ne da ake ɗorawa a kan halitta, ya goge a sake wani, bilicin kuwa yaƙi ne da halittar kanta. Sannan wane irin zaɓi ne wannan da kullum gefe ɗaya yake fuskanta? Da zaɓi ne na gaskiya, da an ga masu layin sayen man ƙara baƙi kamar yadda ake layin na ƙara fari. Zaɓin da aka dasa wa yarinya tun tana goye, aka yi masa ban ruwa shekara 15, sunansa tarko.

MA'AUNIN GASKIYA

Tunda mutum ba zai rayu ba tare da ma'auni ba, abin tambaya shi ne wanne zai riƙa. Farkon wanda ya auna kansa da abin da aka halicce shi da shi, ya kuma raina wani a kan haka, shi ne Iblis, da ya ga wuta ta fi yumɓu. Duk mai fifita mutum saboda launi, ko mai raina kansa saboda launi, a makarantar Iblis yake karatu, ya sani ko bai sani ba. Alƙur'ani a Suratur Rum ya lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, a jere da halittar sammai da ƙasa. Suratul Hujurat ta tsayar da taƙawa a matsayin ma'aunin ɗaukaka. Manzon Allah (S) ya nanata wannan a Hajjin Bankwana gaban dubban jama'a, bayan ya riga ya nuna shi a aikace ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin da Bilal, baƙin mutum wanda aka taɓa azabtarwa a matsayin bawa a garin, ya hau kan Ka'aba ya kira salla manyan Ƙuraishawa suna kallo.

Hikimar wannan ma'auni a fili take. Launi da tsawo da dangi abubuwa ne da ba a shawarci kowa a kansu ba, don haka auna mutum da su zalunci ne, kuma wanda ya auna kansa da su ba zai taɓa samun natsuwa ba, domin kullum akwai wadda ta fi shi haske, kuma tsufa yana tafe. Amma gaskiya da amana da ilimi da kyautatawa, kowa yana iya nemansu, talaka da mai kuɗi, baƙi da fari, kuma ba sa ƙonewa a rana. Hatta al'adar Bahaushe ta asali a nan ta tsaya. Wani Baturen Ingila da ya daɗe yana nazarin Hausawa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa bayani a 1974 kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki, ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abu goma, babu launin fata ko ɗaya a ciki. Baƙo ya zo ya gane ma'aunin gidan, masu gida kuwa sun yar da shi sun ɗauki na aro, alhali kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka gyara daga masu riƙe da madubi zai fara. Uba ya gaya wa 'yarsa baƙa cewa kyakkyawa ce tun kafin wani ɗan tasha ya gaya mata akasin haka, kuma ya hana a yi mata laƙabin wulaƙanci a gidansa ko da wasa. Uwa ta daina kai 'yarta wurin masu haɗi, ta sani cewa amana ce a hannunta wadda za a tambaye ta. Saurayi da magidanci su ji tsoron Allah su daina sa launi cikin sharuɗɗan aure, miji kuma ya yaba wa matarsa yadda take, domin kalma ɗaya daga bakinsa ta fi wa'azin shekara tasiri a wurinta. Malamai idan sun hau mumbari su raba wa'azin daidai, kada su sauke shi duka a kan mata alhali masu kafa farashin suna zaune a sahun gaba suna gyaɗa kai. Masu shirya finafinai da talla su san cewa abin da suke nunawa tarbiyya ce, kuma akwai hisabi. Wadda ta riga ta faɗa ciki kuwa, a ja ta a jiki, a raka ta wurin likitan fata, domin barin man sitiroyid farat ɗaya bayan an daɗe ana shafawa yana da nasa haɗarin, kuma gori da dariya ba su taɓa warkar da kowa ba.

Al'ummar da 'ya'yanta suke jin kunyar fatar jikinsu ba za ta iya ɗaga kai gaban kowa ba, domin wanda aka gamsar da shi cewa halittarsa ma kuskure ce, ba wuya a gamsar da shi cewa harshensa da tarihinsa da tunaninsa duk kuskure ne. Allah ya kare zuriyar al'umma daga wannan musiba, ya ba waɗanda suka cutu lafiya, ya kuma shiryi masu riƙe da madubin.